Baffa Fulogi da Babur ɗin Babana

A layinmu ba mai kiran Baffa da sunansa. Fulogi ake ce masa, yara da manya, domin ba a taɓa rasa fulogin babur a aljihun rigarsa ba. Ko dubiyar mara lafiya ya je, yana zama zai zaro shi ya shiga kankare bakinsa da guntuwar waya. Ƙanin babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku ne tsakaninsu. Bakaniken babura ne, yana da 'yar rumfa a bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai walda. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya zauna masa a tsagar hannu har sabulu ya haƙura da shi.

Babana shi kuma keken ɗinki yake gyarawa. Yana da wani jan babur irin na da, mai injin bugu biyu, wanda ake gauraya masa mai a cikin fetur, yana tafe yana barin shuɗin hayaƙi a bayansa. Zai ɗaure akwatin kayan aiki a baya ya bi teloli shago-shago, har ƙauyuka. Ina shekara shida, wata safiya yana gangarowa gada, babbar mota ta tsaya cak a gabansa, ya shige ƙarƙashinta. Wata biyar ya yi a asibiti, aka dawo mana da shi a kwance. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake motsi. Bai iya tuna komai na ranar ba, in ban da cewa ya sha shayi kafin ya fita.

Baffa ne ya je ya kwaso babur ɗin a kura. Ya tura shi ɗakin ajiya na bayan gida, ya lulluɓe da buhuna, ya sa kwaɗo. Kuma tun ranar da aka sallamo Baba, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya ɗauki jinyarsa. Mama ba ta iya ɗaga Baba, dogo ne mai nauyin ƙashi. Baffa zai zo da sassafe ya ɗauke shi ya kai shi bayi, ya yi masa wanka, ya shafe masa baya da mai, ya sauya shimfiɗa. Da rana ya rufe rumfa ya dawo ya juya shi, don kada kwanciya ta ci masa fata. Da yamma ya sake zuwa. Mai babur ba ya jiran bakaniken da yake rufewa da tsakar rana, saboda haka a hankali masu kawo masa aiki suka koma wajen wasu.

Matarsa ta yi haƙurin shekara huɗu. Ba faɗa suka yi ba. Ta zo ta zauna wajen Mama, ta ce ita kam ta gaji da auren mutumin da ƙeyarsa kawai take gani, ta tattara kayanta ta tafi. Ba su haihu ba. Baffa ya saki ɗakunan da yake haya ya dawo ƙaramin ɗakin da ke jikin na Baba, bai sake zancen aure ba. Mama ta rasu ina shekara goma sha biyar. Da na yi aure na koma ɗaya gefen gari, inda nake aiki a kantin magani, gidan ya rage su biyu.

Ƙafafun Baba ne suka shanye, bakinsa yana nan da ransa. Auta yake ce wa Baffa, har bayan furfura ta cika masa kai.

"Auta, wanka kake mini ko fulogi kake kankarewa?"

"Yaya, ai fulogi ya fi ka haƙuri. Shi ba ya magana."

"Shi ya sa kuka shaƙu. Jirginku ɗaya."

Haka suke yini. Maƙwabta kan ce in ka ji gidan nan shiru, to ɗayansu ba shi da lafiya.

A shekara ta ashirin da bakwai da kwanciyarsa ƙodar Baba ta fara gazawa. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ake ciki, ni kuma na ɓoye, amma mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana sauraron jikinsa ba a ɓoye masa irin wannan. Wata yamma ina yanke masa farce, Baffa yana ninke zanin gado, sai ya ce, "Auta, babur ɗin nan yana nan kuwa, ko ɓeraye sun hau sun tafi da shi?"

Baffa ya ce yana nan.

"Ka tashe shi. Ina so in ji kukansa kafin a fitar da ni."

"Yaya, an daina yin kayansa tun wannan tana makaranta. Tsatsa ta gama da shi."

"To ka ce mini ba za ka iya ba, in san ƙanina ya tsufa."

Na ɗauka maganar ta wuce. Da na dawo ranar Asabar sai na tarar an juya gadon Baba ya fuskanci ƙofa, babur ɗin kuma yana tsakar gida a kan tubala biyu.

Ban gane shi ba. A raina ja ne mai ƙyalli, dogo kamar doki. Abin da na gani ƙarami ne, launin ƙasa, tayoyinsa sun tsattsage, ƙarafan gaba sun lanƙwashe sun kusa taɓa inji, fitila babu gilashi. Ɓera ya yi sheƙa a inda iska take shiga, ya cinye soson kujera tas. Da Baffa ya buɗe tanki, wani wari mai ɗaci ya tashi, fetur ɗin ya zama kamar ƙaro.

Fistin, ƙarfen da yake kai da kawowa a cikin inji, ya kame a silindarsa, ko motsi. Baffa ya cire fulogi ya tsiyaya kananzir da mai ta ramin, ya bar shi ya jiƙa. Kullum da safe, in ya gama da Baba, sai ya ɗora guntun katako a kan fistin ɗin ya ɗan buga da guduma, sau uku ko huɗu, ya ƙara mai ya ƙyale shi. Baba yana kallo daga gado.

"Buga shi mana da ƙarfi. Tsoronsa kake ji?"

"In na fasa shi, kai za ka haifo mini wani?"

Sai a rana ta goma sha shida ya motsa, da wata 'yar ƙara kamar an murɗe wuyan kwalba. Baba ya sa aka kira ni a waya don kawai ya gaya mini.

Daga nan aikin ya cinye su duka biyun. Baffa ya zuba tsakuwa da kananzir a tanki, ya rungume shi yana girgizawa har kafaɗunsa suka riƙe, ya zubar da jan ruwa, ya sake, ya fi sau goma. Ya hura wuta a lungu ya ɗora salansa a kai, tsohon man da ya daskare a ciki ya yi ta ci yana hayaƙi har maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko gobara ce. Mai walda ya gasa ƙarafan gaba ya miƙe su, ya ce ba zai karɓi komai ba, shi ma babansa irin wannan ya hau. Zobban fistin ne suka ba da wahala. Baffa ya yi sati uku yana bin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, yana tona tarin injuna da hannu, kafin ya samu wani mataccen inji irinsa a ƙarƙashin gawar wata mota.

Kafireta kuwa, wato inda fetur da iska suke haɗuwa, Baba ya ce a miƙo masa ita. Aka ɗora masa faranti a ƙirji, aka jera ƙananan sassanta a kai. Yatsunsa na mai gyaran keken ɗinki ba su manta ba. Ya zare sili ɗaya daga wayar lantarki yana bin ƙananan ramukan da shi, yana hurawa, yana ɗagawa ga haske. Kwana huɗu ya yi a kanta. A watannin nan ƙafafunsa suna kumbura, abinci ba ya zama masa, amma ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba. Baffa ne na ga yana ƙara shiru. Na ɗauka gajiya ce.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a bakin gadon Baba, Baffa yana tsugune a gefen tayar baya yana haɗa birki. Birkin baya na irin babur ɗin sandar ƙarfe ce doguwa, daga inda ake takawa zuwa taya. Wani ɗan fil mai baki biyu, wanda bai kai tsinken ashana ba, shi yake riƙe ta kada ta zame.

Baba ya ɗaga murya ya ce, "Auta, ka sa masa fil na gaske fa. Kada ka yi mini aikin kanikawan zamani, a lanƙwasa ƙusa a ce an gama."

Na yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya ajiye filaya a ƙasa, ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya taso ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaya, ƙusa na sa maka."

"Yanzu?"

"A wancan karon. Ana gobe abin zai faru ka kawo mini shi na canza fatar birki. Fil ɗin ya faɗi a ƙasa, na nema na rasa, kai kuma kana sauri. Na lanƙwasa ƙusa na sa, na ce gobe zan saya in canza. Ban gaya maka ba. Da na je kwaso shi a gada na ga sandar tana lilo. Ƙusar ba ta nan."

Famfon tsakar gida yana ɗiga a bokiti, shi kaɗai ake ji.

Na ce, "Baffa, ai wataƙila buguwar ce ta cire ta."

"Wataƙila," in ji shi. Bai dube ni ba.

Baba yana kallon rufi. Da ya yi magana, muryarsa a kwance take, kamar yana tambayar ƙarfe nawa.

"Uwar yarinyar nan ta mutu tana sa maka albarka."

"Na sani, Yaya."

"Ni kuma kunyarka nake ji. Duk ranar da ka ɗaga ni sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In ce na cinye wa ɗan'uwana rayuwa, na kashe masa aure, na kashe masa sana'a. Shekara ashirin da bakwai ina neman abin da zan saka maka da shi, ba ni da komai sai barkwanci. Ashe kai ka san abin da kake wankewa."

"Yaya, ka yafe mini."

"Tashi daga ƙofar nan, kana tare mini iska."

Daga ranar Baba ya ce kada Baffa ya sake taɓa shi. Na ɗauki hutu a wajen aiki na dawo gidan. Mijina yana zuwa da safe kafin ya wuce aiki ya taya ni ɗaga shi. Ba mu iya ba. Abin da Baffa yake yi shi kaɗai kamar yana ɗaukar jariri, mu biyu muna yi muna haki, Baba yana cije leɓe. Baffa yakan tsaya a bayan taga ya riƙa gaya mini a hankali, "Lanƙwasa gwiwar tukuna. Sa matashi tsakanin ƙafafun. Duba bayan diddigensa." Baba yana jin sa, ya yi kamar bai ji ba. Duk da haka, cikin kwana tara gyambo ya buɗe masa a ƙugu, na farko tun da ya kwanta.

Ni kaina ban san inda zan ajiye Baffa a raina ba. Shi ya raka ni makaranta ranar farko, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena. In na fito zubar da ruwa na gan shi sai in ji tausayi ya kama ni, in na koma ɗaki na ga ƙafafun Baba kamar busassun itace sai in ji ba na son jin ko tarinsa. Abinci nake ajiye masa a bakin ƙofarsa, mu gaisa a taƙaice.

Bai daina aikin babur ɗin ba, don ba shi da wani abin yi da hannunsa. Sai dai ya naɗe kan guduma da tsumma, kuma in zai ajiye sifana sai ya ɗora ta a kan buhu, kada ƙara ta kai ɗakin.

A rana ta goma sha biyu aiki ya riƙe mijina. Na ce bari in juya Baba ni kaɗai. Na jawo zanin da ke ƙarƙashinsa, ƙafata ta zame a kan ruwa, rabin jikinsa ya sauko daga gado yana rinjayata. Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Baffa a kaina. Ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ya mayar da shi. Ya ga gyambon, ya tsaya yana kallonsa. Sai ya ce in kawo ruwan ɗumi da gishiri da auduga. Baba ya juya fuskarsa bango, ya bar shi ya yi.

Jinya ta koma hannun Baffa, amma gidan bai koma yadda yake ba. Ba a sake jin Auta a bakin Baba ba. In yana son abu sai ya ce, "Kai, ruwa," ko ya ce mini, "Gaya wa bakanike ya rufe taga." Baffa yana masa wanka shiru, yana shafa masa mai shiru. Maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofa ta ce, jikin ne ya yi tsanani? Na ce mata e.

Bayan sati biyar aikin ya kammala. Baffa bai yi wa babur ɗin fenti ba, ya dai wanke shi ya goge, tsohon jan ya fito dishi-dishi. Wata safiya ya auna mai da murfin kwalba ya zuba a galan ɗin fetur, ya girgiza, ya ɗura a tanki. Ya sauke babur ɗin daga kan tubala ya gyara masa tsayuwa daidai ƙofar Baba. Ya taka kik, sandar tayar da inji. Shiru. Ya sake, ya sake. A na bakwai injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Baffa ya tsaya ya dafa bayansa, ya huta, ya sake takawa, sai ya kama.

Ƙara ce siririya mai kaifi, tana tsalle-tsalle kamar ana kaɗa gwangwani da tsinke. Shuɗin hayaƙi ya cika tsakar gida ya shiga ɗaki. Ban zaci zan tuna ta ba, amma ƙirjina ya gane ta kafin kaina, na ji kamar in ruga in buɗe ƙofar gida. Na dubi Baba. Idonsa a rufe, yatsunsa suna motsi a kan zani.

"Fetur ya yi masa yawa," in ji shi, bai buɗe ido ba. "Rage."

Baffa ya sa sukudireba ya murɗa kaɗan.

"Ƙara ragewa. Ya isa."

Ƙarar ta daidaita. Baba ya saurara kamar minti biyar, hayaƙi yana sa shi tari, ya hana ni rufe ƙofa. Sannan ya ce, "Kashe shi." Bai sake neman a tayar ba.

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. A cikinsu, a gabana, Baffa ya sake neman gafararsa sau biyu. Na farko Baba ya yi kamar barci yake. Na biyu, ana jibi zai rasu, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Na ji." Baffa ya jira ko akwai saura. Babu. Baba ya rasu da hantsi, bayan an gama masa wanka an sa masa riga mai tsabta, kansa a kan hannun Baffa.

Mutanen layi sun yi ta zuwa suna riƙe hannun Baffa, suna cewa irinsa sun ƙare a duniya, Allah ya ba kowa ƙane kamarsa. Yana zaune kansa a sunkuye yana amsa amin. Ni da shi kaɗai muka san abin da yake haɗiya.

Bayan wata uku, wata rana da azahar, na ji ƙarar a ƙofar gidana. Baffa ya shigo da babur ɗin ya jingine a inuwa, ya miƙa wa mijina makulli, ya nuna masa yawan man da ake zubawa, ya ce a riƙa tayar da shi ko sau ɗaya a sati. Na ce ai shi ya fi cancanta ya riƙe. Ya ce na ubana ne. Mijina ya ce bari ya mayar da shi gida a mota, ya ce a'a, yana son ya taka.

Yanzu shekararsa sittin da huɗu. Yana zuwa rumfa kullum, amma aiki sai jefi-jefi. Bayansa ya lalace, ba ya iya daɗewa a tsugune, kuma masu sababbin babura sun fi son samarin kanikawa da ke bakin titi. Mai walda ya ce mini da tsakar rana har yanzu yakan miƙe ya fara tattara kaya, sai ya tsaya, ya koma ya zauna. Na yi na yi ya dawo wajenmu, ya ƙi. Ina kai masa abinci ranar Asabar, mu yi hirar farashin kaya da ciwon baya.

Watan jiya na gaya masa wani abu da na daɗe ina riƙewa. A kwanakin da nake jinyar Baba, wata safiya ina goge masa baya, ya ce mini, "Hannunki ba kamar nasa ba. Shi ya san inda yake mini ciwo tun kafin in faɗa."

Baffa ya ajiye cokali.

"Da wace irin murya ya faɗa?"

Na so in yi masa ƙarya. Ya tsare ni da ido, na ga ba zai karɓa ba.

"Cikin fushi, Baffa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jima yana kallon kwanon, sannan ya rufe shi, ya ce zai ci sauran anjima. Ya raka ni har bakin titi, ya tsaya sai da na samu mota.